Kumburin Hanji: Ciwon Da Ba A Auna Shi Da Mudu Ɗaya

"Sau nawa ka zaga daga asubahin jiya zuwa na yau?"

Ba kowa ke son a yi masa wannan tambaya ba, balle a gaban baƙo. Dattijo sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, da ɗan dama dai, likita." Budurwa kuwa sai ta dubi mahaifiyarta, uwar ta amsa mata: "Basir ne ke damunta, mun yi na gargajiya mun yi na kemis." Amma likitan hanji ba ya karɓar "da ɗan dama". Lamba yake nema. Sau huɗu ne ko sau takwas? Kowane zuwa da jini, ko jefi-jefi? Jinin a kan bahayan yake, ko a cakuɗe, ko shi kaɗai yake zuba? Yana tashin ka cikin dare? In ya matso ka, kana iya riƙewa har ka kai banɗaki? A kan amsoshin nan ake yanke shawarar ko mutum ya koma gida da ƙwayoyi, ko a ba shi gado yau ɗin nan.

Ciwon da ake magana a kai shi ne kumburin hanji mai daɗewa, wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa hanjinsa. Ba a kwasar sa a ruwa ko abinci, ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba ya warkewa a mako guda. Yakan lafa, ya taso, ya sake lafawa, a yi ta tafiya haka shekara da shekaru. Gida biyu ne. Na farko gyambon babban hanji, wanda a asibiti ake ce wa alsaratif kolaitis. Shi daga dubura yake farawa ya yi sama a jere, ba ya tsallake wuri, kuma shimfiɗar cikin hanjin kaɗai yake ci. Wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bayyana shi tun 1859. Na biyu cutar Crohn, wadda ta samo suna daga Burrill Crohn, likita a asibitin Mount Sinai na birnin Niyok, wanda shi da abokan aikinsa Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer suka wallafa bayanin majiyyata 14 a 1932. Ita ko'ina tana iya kamawa daga baki har dubura, ko da yake ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Takan ci nan, ta bar can lafiya lau, ta sake ɓullowa gaba. Ba ta tsayawa a shimfiɗa, bangon hanjin take ratsawa gaba ɗaya, shi ya sa take iya tsuke hanji har abinci ya kasa wucewa, ko ta huda shi ta buɗe hanyar yoyo zuwa fata, ko mafitsara, ko wani hanjin. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta 2017 ta kiyasta masu ɗauke da waɗannan biyun sun kai miliyan 6.8. An daɗe ana yi musu kallon ciwon Turawa, amma yanzu asibitocin Indiya da Sin da Barazil cike suke da su, a Afirka ma ana ƙara ganin su.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne babu wani gwaji guda da za a yi a ce shi ke nan, an gano. Ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a tsaki ɗan yatsa a ga layi biyu. Likita a nan zaman alƙali yake yi. Yana da shaidu biyar: labarin majiyyaci, jininsa, bahayansa, abin da ido ya gani cikin hanji, da abin da madubin ɗakin gwaji ya nuna a tsokar da aka ɗebo. Kowane cikinsu yana iya yin ƙarya in shi kaɗai aka saurara. Sai an tara su, an ga inda bakinsu ya zo ɗaya.

Kafin ma a zo nan, akwai aikin da ya fi kowanne nauyi a ƙasashe masu zafi irin namu, wato kore masu kama da shi. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane, kuma ban san wani fannin likitanci da maganar nan ta fi zama daram a kansa ba.

Ɗauki atini. Ƙwayar amiba tana kawo zawo da jini da majina da murɗawar ciki, tana kuma yin gyambo a babban hanji. Idan aka ɗauka kumburin hanji ne aka ɗora mutum a kan sitiroyid, wato maganin da ke danne garkuwar jiki, an buɗe wa amiba ƙofa ke nan. Tana iya cinye hanjin har ya fashe cikin 'yan kwanaki. A ɗaya ɓangaren kuma ga kuskuren da ya fi yawa: mutum yana da gyambon babban hanji na gaske, amma duk lokacin da aka duba bahayansa sai a ce an ga amiba, a rubuta masa Flagyl. Ya sha, ya ɗan ji dama-dama, bayan wata biyu jini ya dawo, a sake rubuta masa. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne amiba mai cutarwa tana da 'yar'uwa marar cutarwa wadda a ƙarƙashin madubi ba a iya bambance su, kuma mutane da yawa suna yawo da ita lafiyarsu ƙalau. Saboda haka "an ga amiba" ba ya nufin ita ce mai laifin. A ganina, duk wanda ya sha maganin atini zagaye biyu ko uku jini bai tsaya ba, ko zawonsa ya wuce wata guda, lokaci ya yi da za a leƙa cikin hanjinsa. Haka wanda ya manyanta ya fara ganin jini yana ramewa, don sankarar hanji ma da sunan basir take fakewa.

Akwai kuma tsutsar ruwa, 'yar'uwar mai kawo tsagiya, wadda ke zuba ƙwai a bangon hanji. Duk wanda ya tashi yana wanka a kududdufi ko aikin fadama, sai an tuna da ita. Akwai wata ƙaramar tsutsar ciki da ke iya zama shekaru a jiki shiru, sai ranar da aka ba da sitiroyid ta bazu ko'ina. Akwai zawon da ke biyo bayan yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duk waɗannan da sauƙi, gwajin bahaya mai kyau da tambaya mai kyau sukan kama su.

Mai wuyar sha'anin shi ne tarin fuka na hanji. Mutane sun san tibi da huhu, amma tana sauka a ciki, kuma wurin da ta fi so shi ne daidai wurin da cutar Crohn ta fi so: mahaɗar ƙaramin hanji da babba, can ƙasan ciki ta hannun dama. Dukansu suna kawo ciwon ciki da rama da zazzaɓi da ƙarancin jini, dukansu suna tsuke hanji. Har a ƙarƙashin madubi sukan tara irin dunƙulen ƙwayoyin garkuwa iri ɗaya. Akwai alamu da ƙwararru ke bi. Gyambon tibi yakan kewaye hanji kamar zobe, na Crohn yakan miƙe a tsaye, tsakaninsu tsokar ta yi tudu-tudu kamar daɓen duwatsu. Dunƙulen tibi manya ne, tsakiyarsu ruɓaɓɓiya kamar cuku, na Crohn ƙanana ne marasa ruɓa, kuma sau da yawa ma ba a samun su a tsokar da aka ɗebo. Yoyo a gefen dubura ya fi karkata ga Crohn. Ruwa a ciki, da kaluluwar ciki mai ruɓaɓɓiyar tsakiya a hoto, da tabo a huhu, sun fi karkata ga tibi. Amma duk karkata ce. Ita kanta ƙwayar tibin ba kasafai ake kama ta a tsokar hanji ba, ko da na'urar GeneXpert. Gwajin fata ko na jini kuwa iyakarsa ya ce mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma a ƙasa irin Najeriya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin masu nauyin tibi mafi yawa, wannan ba labari ba ne.

Likitocin hanji na Indiya, waɗanda suka fi kowa shan wannan ruɗani, sun zauna a kan wata hanya. Idan an yi duk abin da za a yi ba a rabe ba, a fara da maganin tibi, don kuskuren ba mai Crohn maganin tibi ya fi sauƙin gyara a kan kuskuren danne garkuwar mai tibi. Sai dai akwai sharaɗi: bayan wata biyu zuwa uku a sake leƙawa da ido. Dalili shi ne wasu masu Crohn ma sukan ji sauƙi a kan maganin tibi, su fara cin abinci, su ɗan murmure, alhali gyambon yana nan. In gyambo ya rufe, tibi ce. In yana nan daram, tsugune ba ta ƙare ba.

Leƙawar da ake ta ambato ita ce kolonoskofi. Jajibirin ranar mutum yakan bar abinci mai nauyi, ya sha wani ruwan wankin ciki lita biyu zuwa huɗu, ya kwana yana zarya har abin da ke fita ya zama ruwa garau. Yawancin waɗanda aka yi wa sukan ce wannan daren ya fi aikin kansa wahala. Da safe a kwantar da shi ta gefen hagu, a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, a zura wata roba mai kaurin ɗan yatsa da fitila da kyamara a kanta. Lafiyayyen hanji a jikin allo abin sha'awa ne: ruwan hoda, yana sheƙi, jijiyoyin jini sun bayyana ƙarƙashinsa kamar saiwoyi. A gyambon babban hanji, saiwoyin nan ne ke fara ɓacewa. Wurin ya yi ja, ya yi ɓarzo-ɓarzo kamar an watsa yashi, robar na gogar sa sai jini. In abin ya yi tsanani, jini na tsattsafowa da kansa, ga gyambo ko'ina. Wani lokaci kyamarar na cikin tafiya sai kawai a tsallaka wani layi a faɗa lafiyayyen hanji, kamar iyakar gonar da aka ƙona da wadda wuta ba ta taɓa ba. Mai aikin kirki ba ya tsayawa nan. Sai ya kai ƙarshen babban hanji ya shiga bakin ƙaramin, ya kuma tsinko 'yar tsoka daga kowane sashe, har da inda ya ga lafiya. Tsokar ce ke nuna ko ciwon ya daɗe, domin kumburin shekaru yana karkata ramukan shimfiɗar hanji, abin da atinin mako guda ba ya yi. Duk da haka akan sami wasu da ko bayan wannan ba a iya cewa ga gidan da suke, sai a rubuta kumburin hanji wanda ba a tantance ba, a bar lokaci ya yi hukunci.

To, an gano ciwo. Saura tambaya ta biyu: ya kai ina? Nan ne aka shiga kasuwar mudu, kuma duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san kowace kasuwa da nata.

Mudun da ya fi kowanne tsufa shi ne ya fi kowanne amfani har gobe. A 1955, likitoci biyu na Oxford a Ingila, Sidney Truelove da Leslie Witts, suka wallafa gwajin da suka yi na maganin kotizon ga masu gyambon babban hanji. Don su raba majiyyatansu kashi-kashi, sai suka kafa ƙa'ida. Wanda ke zagawa ƙasa da sau 4 a yini, jikinsa bai nuna komai ba, nasa mai sauƙi ne. Wanda ke zagawa sau 6 ko fiye da jini, sannan yana da ko da ɗaya daga cikin abubuwa huɗu, nasa mai tsanani ne: zafin jiki sama da digiri 37.8, bugun zuciya sama da 90 a minti, ƙarfin jini ƙasa da giram 10.5, wato PCV wajen 31, ko gwajin ESR sama da 30. Abin da ke tsakani, matsakaici ne. Dubi kayan aikin: ma'aunin zafi, agogo, da gwajin jini biyu da kusan kowane babban asibiti ke yi. Shekara saba'in ke nan, kuma har yau da wannan ƙa'ida ake kwantar da mutum a manyan asibitocin duniya.

Sai dai mudun Oxford ya ɗauka cewa mutum da cikakken jininsa ya fara ciwo. A wurin da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa-kusa da sikila suka riga suka rage wa mutane jini, giram 10 ba lallai hanji ne ya jawo shi ba, kuma ƙarancin jini da kansa yana ɗaga ESR. Zazzaɓin ma sai an tabbatar ba na sauro ba ne. Wannan ba ya rushe ƙa'idar, yana dai buƙatar mai auna ya san kasuwar da yake ciki. Haɗarin da ya fi girma ma ta ɗaya gefen yake: a ga zazzaɓi da zawo a ce taifot ne, a yi ta ƙarin ruwa da allurai mako guda, alhali hanji na kumbura.

Wanda ya faɗa rukunin mai tsanani ba a sallamar sa. Ana ba shi gado, a ɗauki bahaya a kai gwaji, a yi hoton ciki don a ga faɗin hanjin. In ya buɗe ya kai santimita 6 ga zazzaɓi ga bugun zuciya, ana gab da fashewa ne, sai a kira likitan tiyata tun da wuri. Ba a yi masa cikakken kolonoskofi, ƙasa-ƙasa kawai ake leƙawa a hankali. Ba a ba shi maganin tsayar da zawo, komai roƙon da 'yan'uwa za su yi. Abin da ke ba masu jinya mamaki shi ne allurar hana daskarewar jini da ake yi wa mutumin da ke zubar da jini. Dalili kuwa kumburin yana sa jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Daga nan a fara sitiroyid ta jijiya, a fara ƙirga. A 1996, Simon Travis da abokan aikinsa, su ma a Oxford, suka nuna cewa rana ta uku ita ce mararraba: wanda a ranar yake zagawa fiye da sau 8, ko sau 3 zuwa 8 tare da gwajin jini na CRP sama da 45, kashi 85 cikin ɗari na irinsu sun ƙare da cire babban hanji a wannan kwanciyar. Magungunan ceto, irin su infliximab da ciclosporin, sun rage yawan masu kaiwa ga wuƙa, amma amfanin ƙa'idar bai gushe ba. Tana hana likita cewa "bari mu ƙara ganin gobe" har a makara.

Ga waɗanda ke zuwa asibiti da ƙafarsu, mudun da aka fi ji shi ne na Mayo, wanda aka wallafa a 1987 daga asibitin Mayo na Amurka. Abu huɗu yake aunawa, kowanne daga 0 zuwa 3, jimla 12: yawan zagayawa, jini, abin da kyamara ta gani, da ra'ayin likita. Akwai hikima a na farkon, domin ba ya tambayar sau nawa kawai, yana tambayar sau nawa a kan abin da ka saba. Wanda da ma sau uku yake zuwa ba ɗaya yake da mai zuwa sau ɗaya ba. Na huɗun kuwa, ra'ayin likita, shi ne ramin mudun, don likita biyu za su ga mutum ɗaya kowa ya ba shi maki daban, kuma sababbin gwaje-gwajen magani da yawa sun ajiye shi gefe. Makin kyamara ma ba tsira ya yi ba. An sha nuna bidiyon hanji guda ga ƙwararru su saɓa a kan ko 1 ne ko 2. Shi ya sa aka ƙirƙiro wani mudun mai maki 0 zuwa 8 a 2012, aka kuma koma tura bidiyon ga wani mai karatu na nesa wanda bai san majiyyacin ba.

A ɓangaren Crohn ne labarin ya fi daɗin bibiya. A 1976 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin William Best, suka fitar da mudun da ake kira CDAI. Abu takwas ne, majiyyaci yana cike takarda kwana bakwai, sannan a ninninka lambobin a tara. Ƙasa da 150 ciwo ya lafa, sama da 450 ya yi tsanani. Shekaru masu yawa da shi ake yanke hukunci a kan ko sabon magani yana aiki. Amma bari mu yi lissafi. Yadda mutum ke jin jikinsa ana ba shi 0 zuwa 4 kullum, a tara na mako a ninka sau 7. Ciwon ciki 0 zuwa 3, a ninka sau 5. A ce wata baiwar Allah ta rubuta 2 a jin jiki, 2 a ciwon ciki, kullum har mako. Na farko ya ba da 98, na biyu 70, jimla 168. Ta haye layin 150 ba tare da ta yi zawo ko sau ɗaya ba. Mai damuwa, ko mai rashin barci, ko mai irin ciwon cikin nan na kumburin iska da murɗa wanda hanjinsa ba gyambo ko ɗaya, duk za su iya cin wannan maki. A 1980 Harvey da Bradshaw suka taƙaita shi zuwa tambayoyi biyar na yini guda, wanda ƙasa da 5 yake nufin lafawa. Ya fi sauƙi, amma ciwonsu ɗaya.

Gaskiyar ta fito fili a wani babban gwaji mai suna SONIC da aka wallafa a 2010, mai majiyyata 508. Dukansu CDAI ya ce ciwonsu na ci, amma da aka leƙa, kusan ɗaya cikin biyar ba a ga gyambo ba. Daga baya kuma, cikin waɗanda mudun ya ce sun samu lafiya, wajen rabi akwai sauran kumburi a kyamara ko a jini. Wannan na biyun shi ne abin tsoro. Wutar ƙaiƙayi ce: sama toka, ƙasa tana ci. Mutum ya koma kasuwa, yana cin tuwonsa, ya daina shan magani, bayan shekara biyar a kawo shi hanji ya toshe.

Tunda ba za a riƙa zura wa mutum kyamara duk wata ba, sai aka nemi 'yan aike. Na jini shi ne CRP, wanda hanta ke fitarwa in akwai kumburi a jiki. Yana da araha, yana saurin hawa da sauka, amma bai san hanji ba; maruru ma na ɗaga shi, wasu mutanen kuma nasu ba ya motsi ko da hanjinsu na ci. Wanda ya fi shi sanin gida shi ne kalfurotektin, wani sinadari da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, wanda masu bincike a Norwe suka fara bayyanawa a 1980. In fararen ƙwayoyin suka yi dafifi a hanji, sai ya fito a bahaya. Ƙasa da 50 da wuya a ce akwai kumburi, sama da 250 akwai wuta, tsakani kuma sai a maimaita. Babban amfaninsa shi ne in ya yi ƙasa, ya hutar da matashi mai murɗawar ciki daga wankin ciki da kyamara. In ya yi sama kuwa, iyakar abin da ya faɗa shi ne akwai kumburi, bai ce na wane ne ba. Atini na ɗaga shi, tibin hanji na ɗaga shi, haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da leburori da direbobi ke haɗiya kamar gyaɗa. Waɗannan magunguna ma suna iya tayar da ciwon kansa.

Ƙaramin hanji ya fi mita biyar, kyamarar ƙasa bakinsa kawai take gani. Sauran sai hoton MRI ko CT bayan an sha ruwa mai buɗe hanji, ko 'yar kyamarar da ake haɗiya kamar ƙwaya, wadda ita kuma takan maƙale in akwai tsukewa. Abin da na fi sa wa ido shi ne sikanin ɗin ciki, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita. A hannun wanda ya koya, ana auna kaurin bangon hanji. In ya wuce milimita 3 akwai magana. Ba wankin ciki, ba allura, ana iya maimaitawa duk zuwa. Jamus da Italiya sun daɗe da riƙe shi. Na'urar tana nan a garuruwanmu, horon ne babu.

Duk mudun da aka ambata zuwa nan zafin ciwo na yau yake aunawa. Nauyin ciwo wani abu ne daban, kuma rashin raba su biyun ya sa an yi wa mutane da yawa ƙaramin magani. Ka ɗauki mutum biyu. Na farko ɗan shekara 50, ciwonsa a bakin dubura kaɗai, yau yana zagawa sau biyar da jini, hankalinsa a tashe. Na biyu ɗan shekara 19, yau lafiyarsa ƙalau, makinsa 2, amma an taɓa yanke masa hanji, yana da yoyo a gefen dubura, ya sha sitiroyid zagaye uku cikin shekara guda, yana kuma shan taba. A mudun yau na farko ya fi. A gaskiya kuwa na farko maganin matsi na 'yan makonni zai iya kwantar da nasa, na biyu shi ne wanda hanjinsa ke cikin haɗari, shi ya cancanci magani mai ƙarfi tun yanzu. Wannan ne ya sa aka yi rabe-raben Montreal a 2005: shekarun da ciwo ya fara, kafin 17, ko 17 zuwa 40, ko bayan 40, wurin da ya kama, da halinsa, ko kumburi kawai, ko mai tsukewa, ko mai hudawa. A gyambon babban hanji kuma ana duba nisan da ya yi, dubura kaɗai, ko ɓangaren hagu, ko ya zarce. Nisan nan da daɗewar ciwo su ke nuna haɗarin sankara, shi ya sa bayan kimanin shekara 8 ake fara leƙawa a kai a kai ko da mutum ba ya jin komai. Ga wanda aka yi wa tiyata akwai mudun Paul Rutgeerts na Beljiyam, na 1990, wanda ya nuna gyambo kan dawo a bakin ɗinki tun kafin mutum ya ji alama. Akwai kuma mudun Lémann mai tara ɓarnar da ta riga ta auku, wadda magani ba ya mayarwa.

Kar a ɗauka wannan duk yana nufin a daina sauraron majiyyaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai abin da kyamara ba ta gani: wanda ya daina zuwa masallacin Juma'a don alwalarsa ba ta riƙo, ɗalibar da ba ta karyawa ranar jarrabawa don tsoron matsuwa, direban da ya ajiye mota don ya san babu banɗaki a hanya. Ga gajiya, ga ciwon gaɓoɓi, ga jan ido, ga ƙuraje masu zafi a ƙwauri, waɗanda duk daga ciwon suke amma ba wanda zai faɗa sai an tambaye shi. Tun 1989 masu bincike a jami'ar McMaster ta Kanada suka tsara tambayoyi 32 a kan irin wannan. Matsayar da ƙwararrun duniya suka fitar a 2021 ta jera abin hawa-hawa: da farko mutum ya ji sauƙi, sannan CRP da kalfurotektin su sauka, sannan a gani da ido gyambo ya rufe, rayuwa kuma ta koma daidai. Gwajin CALM na 2017 ya ba wannan hujja, domin waɗanda aka riƙa ƙara musu magani bisa sakamakon jini da bahaya, kashi 46 cikin ɗari hanjinsu ya warke a mako na 48, waɗanda aka bi alamunsu kaɗai kashi 30.

Inda na ɗan ja da wannan tsari shi ne an gina shi ne a ƙasashen da gwamnati ko inshora ke biya. Wanda zai sayar da akuya ya yi kolonoskofi ɗaya, dole a zaɓar masa lokacin da ya fi amfani. A ganina lokutan biyu ne: farkon ganewa, da kuma kafin a hau magani mai danne garkuwa, wanda shi ma ba a fara shi sai an duba tibi da ciwon hanta nau'in B. Tsakanin waɗannan, abubuwa masu araha suna ɗaukar kaya mai yawa: sikelin awon nauyi duk zuwa, ƙarfin jini, sinadarin albumin, CRP, da littafin makaranta ɗan sha biyu. A raba shafi gida huɗu, kwanan wata, sau nawa da rana, sau nawa da dare, da jini ko babu. Dattijon da ba zai iya buɗe baki ya faɗa a gaban ɗansa ba, yana iya jan layi da biro duk lokacin da ya fito daga banɗaki, ya miƙa wa likita littafin ba tare da ya ce uffan ba.